Ƙusa ta huda min tayar baya: faci ya isa ko in sayi sabuwa?

Ɗan Samaru: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mashin Boxer nake hawa, tayar baya mai tub, lamba 3.00-17. Jiya da yamma ƙusa ta shige ta a tsakiyar zane wajen Kwangila. Iska ta sauka, na lallaɓa a haka har na samu mai faci. Ya face tub ɗin, amma ya ce cikin tayar ya ɗan ƙuje saboda tafiyar da na yi babu iska. Zanenta bai cinye ba. Ranar Juma'a zan kai iyali Giwa biki, da goyo. In bar ta ko in ci bashi in sauya?

Oga Tubles: Wa alaikumus salam. A soka mata igiyar nan mai danƙo, minti biyar an gama, ko kwance tayar ba sai an yi ba.

Baban Hanifa: Oga, ya ce mai tub ce. Igiyarka ta tubles ce, wato taya marar tub.

Mai Faci Tudun Wada: Hujin ƙusa a tsakiyar zane ba komai ba ne, kullum shi muke yi. Abin tsoron shi ne tafiyar da ka yi a kanta. Idan babu iska, bakin wili yana niƙa gefen taya, zaren da ke ciki ya tsinke. A kwance ta, ka sa hannu ka shafa cikin. In ka ga baƙin gari ko zare ya tashi, ta gama aiki. In sumul take, sa sabon tub ka tafi.

Alhaji Na Funtua: Kada ka saurari kowa, sauya ta. Ƙanena haka aka yi masa. Tayar gaba ta tsage a gefe, wani mai faci ya yanko tsohuwar taya ya ɗora mata daga ciki, ya ce za ta kai shi shekara. Ya ɗauko buhun masara da yaronsa, rana ta take, kwalta ta yi zafi, ta fashe yana cikin gudu. Ƙafarsa ta karye wuri biyu. Aka kai shi wajen mai ɗori, ɗorin bai zauna ba, aka koma asibiti aka sake karyawa. Damina guda bai shiga gona ba, ni na riƙe gidansa. Mashin ɗin ma sayar da shi muka yi aka biya magani. Har yau da sanda yake zuwa masallaci, yaron kuma da tabo a goshi. Duk a kan kuɗin taya ɗaya.

Baban Hanifa: Innalillahi. Allah Ya ƙara masa lafiya, Alhaji.

Mai Faci Tudun Wada: Amin. Amma Alhaji, waccan tsagewar gefe ce, kuma a gaba. Ni ko an roƙe ni ba na taɓa gefe, domin nan ne taya ke lanƙwasa duk juyi, faci ba ya zama.

Alhaji Na Funtua: Shi ma wancan da bakinsa mai daɗi ya yi magana. Mai cin abinci da faci zai ce a sayi sabuwa?

Mai Faci Tudun Wada: Haba Alhaji. Ɗari biyar ɗin faci ce za ta sa in jefa matar mutum da jariri a titi? Mai sayar da taya fa, shi ba ya neman ciniki?

Kabu-kabu Maraɗi: Ɗari biyar? Mu nan in ka lissafa da sefa abin ya fi haka.

Ɗan Samaru: Ni ɗari bakwai ya karɓa, har da iska. Sabuwar nawa take yanzu?

Oga Tubles: Dubu goma sha takwas na saya a Sabon Gari.

Baban Hanifa: Yaushe rabonka da kasuwa? Mai kyau ba ta kasa ashirin da biyar. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, naira ta faɗi, komai na mashin ya tashi.

Uwar Biyu: Ni maigidana ta gwanjo ya sayo dubu tara, tana nan lafiya.

Mai Faci Tudun Wada: Hajiya, ki ce ya duba gefenta. Yawanci akwai lamba huɗu a cikin ɗan zagaye: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2318 na nufin mako na 23 a 2018. Roba tana bushewa ko ba a hau ta ba, zane na nan amma ta yi tsatstsage.

Yaro Ɗan Gata: Ɗan Samaru, ka tura Hajiya a motar haya, kai ka biyo da mashin. In ta fashe, ango ya rasa mutum ɗaya kawai a wajen tuwo.

Uwar Biyu: Wasan nan bai yi ba, amma maganar mota gaskiya ce. Kar ka ɗora mai goyo kan tayar da kake shakka.

Kabu-kabu Maraɗi: Ku da mashin ɗin naku ne kun huta. Ni na wani nake ja. Kullum sai na kai wa mai mashin balas, wato kuɗinsa na rana, amma in taya ta mutu sai ya ce ni na cinye ta.

Baban Hanifa: To wa ya cinye? Faci da tub da baƙin mai na direba ne, kowa ya sani. Taya kuwa ta mai mashin ce, sai dai in biya ake a hankali har ya zama naka.

Alhaji Na Funtua: Ina da mashin biyu a hannun yara. Ku ɗauki mutum uku da buhu, ku faɗa rami da gudu, sannan ni zan sayi taya? A rubuta a takarda tun ranar farko, gaban shaidu.

Kabu-kabu Maraɗi: Wace takarda, Alhaji? Kawuna ne.

Ɗan Samaru: Malam mai faci, gobe da safe kana shago? Zan kawo ta ka shafa da kanka.

Alhaji Na Funtua: Kawunka ma a rubuta. Nawa yake karɓa a rana?