Sabon shiga Linux: ya goge Windows kaf, ko ya bar ta a gefe?

Ɗalibi: Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar laftof mai RAM 4GB, Windows 10 ce a kanta. Tun da Microsoft ta daina tallafa mata ranar 14 ga Oktoba 2025 hankalina bai kwanta ba, ga shi Windows 11 ta ƙi hawa, wai na'urar ba ta da TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da take buƙata. An ce in koma Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, ni kuwa ban taɓa ganinsa ido da ido ba. Ta ina zan fara?

Injiniya: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Kwashe fayilolinka, goge Windows kaf, ka sa Linux Mint, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux. Duk wanda ya bar Windows a gefe ba zai taɓa koya ba. Ranar da firinta ta yi masa gardama, sai ya kashe ya kunna ya koma gidan jiya, shi ke nan an gama. Wanda ya san ba shi da wurin gudu shi ne yake zama ya nemi mafita.

Malama: Injiniya, da girmanka, ban yarda ba. Ka tambaye shi me yake yi da kwamfutar kuwa? Idan aikinsa na Photoshop ne, Adobe ba ta fitar da shi don Linux ba. Microsoft Office ma haka. Akwai GIMP a madadin Photoshop, akwai LibreOffice a madadin Office, amma mutumin da zai miƙa aiki jibi ba lokacin koyon sabuwar manhaja yake da shi ba.

Ɗalibi: Rubutu ne dai da bincike, Malama. Ina rubuta kundin kammala karatu a Word.

Malama: To ka ji. Kundi a hannu, a ce masa ya goge komai?

Injiniya: LibreOffice yana buɗe fayil ɗin Word ai.

Malama: Yana buɗewa, amma wani lokaci jadawali ya karkace, shafi ya zame. Ni shawarata ya sa su biyu a kwamfuta ɗaya. Duk lokacin da ya kunna, GRUB, manhajar da ke fara bayyana a allo, zai tambaye shi wanne zai shiga.

Mai Gyara: Ku yi haƙuri, ni dukkanku ban goyi bayanku ba. Malama, haɗa su biyun nan shi ya fi kawo mini aiki. Sai an rage wa Windows fili a faifan ajiya kafin a ba Linux nasa, kuma a daidai wurin ne hannun sabon shiga yake rawa. Wajen sakawa akwai zaɓin da ke cewa a share faifan gaba ɗaya, yana nan kusa da zaɓin a zauna tare da Windows. Wani bawan Allah ya danna na sharewar bai karanta ba, ya kawo mini na'urar idonsa jawur, hotunan shekaru sun tafi. Ko an tsallake wannan, da sauran rina a kaba. In ba a kashe Fast Startup, tsarin saurin tashi na Windows, ba, Linux zai iya ƙin rubutu a ɓangaren Windows, domin ba ta mutu da gaske ba, barci ta yi. In BitLocker, mai kulle faifan Windows, na kunne kuma ba ka ajiye mabuɗinsa ba, wata rana za ta tambaye ka shi ka tsaya kana kallon allo. Ga agogo: Windows tana ajiye lokacin gari, Linux yana ajiye na UTC, wato lokacin bai-ɗaya na duniya, sai ka ga sa'a ta goce duk sanda ka sauya.

Injiniya: Ka ga ka dawo hanyata. A goge a huta.

Mai Gyara: A'a, Injiniya, ban ce ba. Na ce ya nemo filasha mai 8GB, ya sauke Mint, ya rubuta shi a kai da Rufus ko balenaEtcher, ya tayar da kwamfutar daga filashar. Linux zai buɗe ba tare da ya taɓa faifansa ba. Ya gwada Wi-Fi, sauti, kyamara, firinta. Wasu katunan Wi-Fi na Broadcom sai an sa musu direba daban, gara ya sani tun yanzu. Gani ya kori ji.

Kawu: Yara, ku bar tsoratar da yaron nan. Wayar Android da ke aljihunsa ma a kan ƙwayar Linux take tafiya. Linus Torvalds yana ɗalibi kamarsa a Jami'ar Helsinki ya fara rubuta abin a 1991. Yau kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya duk da shi suke aiki.

Malama: Gaskiya ne, Kawu, amma babu ɗaya a cikinsu da za ta gyara masa jadawalin kundinsa.

Kawu: Ke dai ba ki barin tsoho ya yi labarinsa.

Injiniya: Matsalar filasha ita ce tana da nauyin jiki, kuma da ka kashe, duk abin da ka saita ya ɓace. Zai ɗauka Linux ne ke jan ƙafa alhali filashar ce. Kwana biyu zai yi ya jefa ta a aljihun tebur.

Mai Gyara: Wannan kam ka faɗi gaskiya. Gwaji ce, ba wurin zama ba.

Wani Bako: Me ya sa Mint? Ya sa Arch, Linux ɗin da mutum ke haɗawa da hannunsa, ya koyi abin daga tushe.

Injiniya: Malam, mutum bai iya rarrafe ba ka ce ya yi tsere? Mint 22 an gina shi a kan wani Linux ɗin mai suna Ubuntu 24.04, yana da tallafi har 2029, fuskarsa kuma ta yi kama da Windows. Da RAM 4GB ya ɗauki Mint mai fuskar da ake kira Xfce, ya fi sauƙin nauyi. Kuma ƙanena, kada ka kwafo wani umarni daga intanet ka liƙa a Terminal, tagar rubuta umarni, da kalmar sudo mai ba shi cikakken iko a gabansa ba ka san aikinsa ba. A wannan kam duk bakinmu ɗaya.

Ɗalibi: Na dawo. Na yi yadda Mai Gyara ya ce. Wi-Fi ya kama, sauti lafiya lau. Amma na buɗe kundin a LibreOffice, shafukan sun ƙaru, jadawali biyu sun tsallaka wani shafi.

Malama: Me na ce? Da wane salon rubutu ka yi shi?

Ɗalibi: Calibri.

Injiniya: Shi ne dalili, babu shi a Linux sai aka musanya da wani. Sa salon Carlito, faɗin haruffansa da na Calibri ɗaya ne, yawanci shafukan za su koma daidai. In za ka miƙa, ka mayar da shi PDF.

Malama: In kuma mai duba kundin ya ce Word yake so don ya yi gyara a ciki? Ƙanena, ka bar Windows ɗinka har ka miƙa. Bayan nan in ka ga dama ka bi Injiniya.

Injiniya: Yana zaune a kan Windows da aka daina toshe mata ɓaraka, kina cewa ya jira.

Mai Gyara: Ku ci gaba da jayayyarku. Ɗalibi, kundin nan kana da kwafinsa a wani wuri ban da laftof ɗin?

Ɗalibi: Tukuna, Yaya.

Mai Gyara: To cire filashar nan ka fara yin wannan.