Gadar unguwarmu ta tsage: in sabunta haya ko in tashi?

Maman Sadiƙ: Salamu alaikum. Shawara nake nema. Muna haya ƙetaren wani rafi da ke zuba cikin kogin Kubanni a nan Zariya, gada ɗaya ce tal muke bi, ta nan yarana uku ke tafiya makaranta Tudun Wada kullum. Tun ruwan makon jiya gefe ɗaya ya tsage har rodi ya leƙo. Hayarmu za ta ƙare ƙarshen wata, maigidan yana Legas ya ce in yanke. Masu unguwa suna karɓar dubu biyar-biyar don a yi gyara. In biya in zauna, ko in nemi ɗaki biyu da falo cikin gari?

Ɗan Gyallesu: Hajiya ki sayi gida kawai, haya ba ta da amana.

Maman Sadiƙ: Malam, da kuɗin sayen gida ai ban tambaya ba.

Kawu Sale: Ki tashi, 'yata. Ki tashi ko ɗaki ɗaya ne. Ƙanina da ke bi mini ɗan acaɓa ne, a irin wannan kwalbatin ya tafi cikin marka. Da yamma ya bi ta kai lafiya lau, bayan isha yana dawowa ruwa ya riga ya cinye ƙarƙashi, sama kuma tana nan shimfiɗe kamar ba komai. Shi da fasinjansa. Sai washegari da hantsi muka tsinto shi, ya maƙale a gonar rake. Manya sun zo da motoci, an ɗauki hoto, an ba matarsa buhun shinkafa da atamfa, an ce kafin wata damina za a zuba sabuwa. Katako muka shimfiɗa da kuɗinmu, shi ake bi har yau. 'Ya'yansa huɗu suna gidana. Babur ɗin ma na bashi ne, mai shi bai bari an yi sadakar bakwai ba ya turo.

Anti Larai: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, Kawu, ya raya abin da ya bari.

Kawu Sale: Amin. Har yanzu in hadari ya haɗo ba na iya cin tuwo sai na ƙirga yara.

Injiniya: Allah ya gafarta masa. Maman Sadiƙ, abin da Kawu ya faɗa shi ne ainihin ciwon. Tsagewar sama ba ita ke kashe mutane ba, ruwa ne ke kwashe ƙasar gindin ginshiƙi, musamman inda tifa ke ɗibar yashi kusa. Ki sa wani ya sauka ya duba in ruwa ya janye. Kuma gyaran shafe-shafe ya fi rashin gyara haɗari, don mutane sai su saki jiki. Gadar garin Morbi a Indiya, 2022, kwana kaɗan da buɗe ta bayan gyara ta tsinke, sama da mutum 130 suka mutu.

Birkila Mai Hanwa: Injiniya ka bar mu da Indiya. Buhu talatin ya isa, siminti dubu tara ne, in an samu yashi da tsakuwa kwana huɗu na gama.

Anti Larai: Dubu tara a ina? Shekaranjiya dubu goma da ɗari biyar na saya a Sabon Gari.

Injiniya: Buhu talatin ko firam ɗin gefe ba zai zuba ba. Gada ba katangar bayi ba ce.

Birkila Mai Hanwa: Shekara ashirin ina riƙe da cokali. Kai takarda ka riƙe. Waɗanda suke rushewa ai masu takarda ne suka sa musu hannu.

Ɗan Gyallesu: A ba Birkila kwangilar, amma da sharaɗin ya kwana ƙarƙashinta duk watan Agusta.

Malam Tudun Jukun: Ana dariya, amma ku tuna Masallacin Juma'a na fadar Sarkin Zazzau, Agustan 2023, ana tsaka da La'asar rufi ya rufto kan masallata. Gini tun shekarun 1830, da tsagewa ya fara shi ma. Ajali ba ya wuce lokacinsa, amma ba a ce ka ga rami ka zura ƙafa ba.

Maman Sadiƙ: To in tashin ne, nawa ake samun ɗaki biyu da falo wajen Kongo?

Anti Larai: Dubu ɗari uku da hamsin, ban da na dillali.

Ɗan Gyallesu: Ɗari biyu da hamsin abokina ke biya. Sai dai ba ruwa.

Anti Larai: Ina ne da ruwa a Zariya? Tun ina budurwa nake jin aikin ruwa, ga Galma ga Shika, famfon gidanmu gizo-gizo ya yi saƙa a ciki. Ruwa na cin mutane a rafi, mu muna bin 'yan garuwa da roƙo.

Malam Tudun Jukun: Mu jarka ɗari ce yanzu.

Birkila Mai Hanwa: Ɗari da hamsin a wajenmu, kuma sai ka san mai kura. Wa ke da lambar mai haƙa burtsatse da ba ya cuta?