Taƙaitawar shawarwari ga ɗan poker mai shirin zuwa Las Vegas

An tattauna kan abin da ya kamata baƙo mai zuwa Las Vegas, a Amurka, don buga poker (wasan karta na caca) ya sani. Ga abin da aka faɗa, a taƙaice.

1. Shekara 21 ita ce ƙa'idar shiga caca a Nevada, jihar da Las Vegas take. Ka riƙa yawo da fasfo, domin ba za a biya ka kuɗin gasa ba sai da shi.

2. Kuɗin wasa daban, na otal da abinci daban, kowa ya yarda da wannan. A teburin dala 1/3 (inda zubin dole na farkon kowane zagaye yake dala 1 da dala 3) yawanci ana zama da dala 300, don haka aka ce ka tanadi na zama da yawa, kada rana ɗaya mara sa'a ta tashe ka. Kuɗin da ya haura dala 10,000 sai ka bayyana wa kwastam in za ka shiga Amurka. Na'urar cire kuɗi ta cikin gidan caca kuwa, cajinta ya yi tsada.

3. Ba ainihin kuɗin ɗaki kaɗai za ka biya ba: akwai kuɗin hidima na kowane dare, ga haraji.

4. Baƙon da ya ci kuɗi mai kauri a gasa, ana iya cire masa kashi 30 na haraji, sai dai in ƙasarsa tana da yarjejeniya da Amurka.

Inda aka rabu shi ne lokaci. Wasu sun ce a je Yuni, lokacin WSOP, babbar gasar poker ta duniya, a gidajen caca na Horseshoe da Paris, teburi ko'ina cike. Wasu suka ce layin rajista da zafin da ke wuce digiri 40 sun isa su gajiyar da sabon zuwa, gara kaka.

Tukwicin mai raba karta, dala ɗaya in ka ci, ba a yi musu a kai ba.