Ina zan ɗauki matsin rufewar tsaga a gwajin DFIT?

Assalamu alaikum injiniyoyi, don Allah a taimaka min. Kwana uku ke nan ina fama da bayanan gwajin DFIT na wata rijiyar iskar gas mai matsattsen dutse, wato gwajin da ake tura ruwa kaɗan cikin rijiya har dutse ya tsage, sannan a kashe famfo a bibiyi saukar matsi. Bayan an kashe famfo matsi ya fara sauka, na zana shi a kan ma'aunin G na Nolte (ma'aunin lokaci da masani Nolte ya ƙirƙiro don bin saukar matsi), sai layin GdP/dG (mai nuna yadda matsi ke sauyawa a kan ma'aunin G) ya yi tozo a saman miƙaƙƙen layi kafin ya dawo. Ogana ya ce ruwa ne ke zurarewa cikin tsagogin asali na dutsen, ni dai ban gamsu ba.

Wajen gano matsin da tsagar ta rufe a kai, hanyar masani Barree ta ba ni matsi ƙasa, ta masani McClure ta ba ni sama sosai. Wacce zan bi?