'Yar robar nan da ake cusawa a bango kafin a ɗaura sukuru, me za mu kira ta?

Jama'a, ku taya ni neman suna. Shekaranjiya kantar da na kafa a bango ta zube da duk abin da ke kanta. Da na duba, sukurun bai karye ba, katakon ma lafiyarsa ƙalau. 'Yar robar nan da ake cusawa cikin rami kafin a ɗaura sukuru ce ta zaro gaba ɗaya, tana maƙale a jikinsa kamar an sa masa safa. Na kira ƙanena zan ba shi labari, sai na ji bakina yana ta "abar nan, 'yar robar nan mai haƙora-haƙora", shi kuma yana ta "wacce?" Abin da yake ɓoye a bayan madubi da ƙarfen labule na kusan kowane ɗaki, a ce sai an haɗa da kwatancen hannu kafin a gane shi!

Na san masu sana'a fisha suke cewa, kuma zan zo kanta. Wasu da na tambaya ma sun riga sun jefo nasu sunayen da tambayoyi, kuma zan amsa musu ɗaya bayan ɗaya. Amma kafin nan, bari mu daidaita a kan aikin da take yi, don kada mu raɗa wa jariri suna ba mu ga fuskarsa ba.

Bango ba katako ba ne. Idan ka ɗaura sukuru a katako, haƙoransa ne suke yanka wa kansu hanya, naman katakon kuma ya matse su. Bulo da kankare ba su san wannan ba, marmashewa suke yi su zama gari, sukurun ya yi ta juyawa a banza. Shi ya sa ake huda rami a cusa robar. A tsage take daga wajen tsakiya zuwa ƙarshe, don haka sukuru yana shiga yana buɗa ta, tana kumbura tana danne ramin ta kowane gefe. Haƙoran da ke bayanta suna hana ta zarowa, 'yan fukafukan da ke gefenta kuma suna hana ta bin sukurun su riƙa juyawa tare. Abu ne mai taushi da ya shiga tsakanin abu biyu masu tauri, ya riƙe ɗaya a cikin ɗaya. Duk sunan da bai taɓo wannan ba, da wuya ya samu ƙuri'ata.

To, fisha. Wannan ba sunan abin ba ne tun asali, sunan mutum ne. Artur Fischer, wani Bajamushe da aka haifa a 1919 ya rasu a 2016, shi ya fito da irin wannan ta roba mai haƙora a 1958, kuma kamfaninsa yana nan da sunansa har yau. Mutum ne da ya yi rajistar ƙirƙira sama da 1,100, amma wannan 'yar mitsitsiyar ce ta zagaya da sunansa duniya. A Italiya da Masar ma da sunan nasa mutane da yawa suke kiranta, ba mu kaɗai ba ne. Wani ya tambaya ko don ta yi kama da ƙayar kifi ne. A'a. Sai dai sunan mutumin da Jamusanci yana nufin masunci, ka ga mai tambayar bai yi nisa sosai ba.

Kuma ba shi ya fara ba. Wani Bature ɗan Ingila, John Joseph Rawlings, ya riga shi da kusan shekara hamsin. Tasa, wadda ya nemi rajistarta a 1911, ba ta roba ba ce, 'yar bututu ce ta zaren buhu da aka manne da gam. Daga sunansa aka samu Rawlplug, kuma da shi mutanen Ingila da yawa suke kiran kowace iri, ko wane kamfani ya yi ta. Wato su ma masu abin sunan kamfani suka ɗauka suka huta.

Malam, na ga ka ce matoshi. Na gane inda ka biyo, fassara kalmar Ingilishin, wato plug, ka yi kai tsaye. Amma matoshi aikinsa rufe hanya, kamar na kwalba ko na bututun ruwa, ita kuwa wannan buɗe hanya take yi, da rami ma a cikinta. Sannan kalmar da ka fassara ita ce dai suke kiran fulogin lantarki da ita, abu biyu da babu abin da ya haɗa su. Me zai sa mu je mu aro rikicin gidan wasu?

Hajiya, kube da kika ce ya yi mini daɗi a kunne, har na maimaita shi sau uku. Kuben sukuru. Siffar ta dace ƙwarai, dogo ne, da rami, ƙarfe yana shiga ciki. Inda muka rabu shi ne, ana ɗinka kube ne don wuƙa ta fito da sauƙi ranar da ake bukatarta, kuben da ya kama wuƙa ya ƙi saki kuwa ya lalace ke nan. Ita wannan ranar da ta saki ita ce ranar lalacewarta, kamar yadda tawa ta yi mini. Na yarda ana iya kwance sukuru a fitar da shi, amma da murɗawa, ba da ja ba. Kube ba ya ɗaukar nauyin komai.

Baba, Allah ya ƙara girma. Ka ce ku da kuka daɗe a aikin katako, kafin robar ta yawaita ɗan itace kuke feƙewa ku buga cikin ramin da guduma, sannan ku bi da ƙusa ko sukuru, don haka a ce waigi kawai. Tarihin naka daidai yake, haka aka yi ta yi a ko'ina kafin zamanin Rawlings, kuma ka fi ni sanin aibinsa: itacen yana bushewa ya tsuke, bayan wani lokaci abin ya fara lilo. Sai dai ina neman afuwa, waigi ma aro ne, kuma ya riga ya samu aiki a gindin tayar mota da ƙasan ƙofa. Wani abu kuma, in aka lura da kyau sukurun ne yake aikin waigi a nan, shi ne mai shiga ya buɗa. Robar ita ake buɗawa.

Gidan sukuru ya fi kowanne samun magoya baya, kuma ban yi mamaki ba. Haka Hausa take gina suna ba tare da gumi ba, ga gidan ashana, ga gidan sauro, wanda ma sauron ba ya kwana ciki sai in an yi sakaci. Har na kusa miƙa wuya. Sai na gwada shi da gwajin da nake yi wa kowace sabuwar kalma, wato aiken yaro. Ka ce wa yaro ya ɗauko gidan sukuru a akwatin kayan aiki. Ko dai ya kawo maka gwangwanin da kake tara sukurori, ko ya kawo noti. Kuma ba za ka iya yi masa faɗa ba, domin noti ya fi robar cancantar sunan, shi ne mai haƙoran ciki da aka yanka daidai da na abin da zai shige shi. Gida yana gaya maka inda abu yake zaune, bai gaya maka abin da ya hana shi fita ba.

Rigar sukuru, hular sukuru, safar sukuru, duk na gani. Sutura ce, ana cirewa. Mariƙi kuma kowa zai ɗauka abin kamawa da hannu ne, irin na ƙofa ko na bokiti.

Yanzu ga wadda ta hana ni barci. Yayata ce ta kawo ta, ba ma da niyyar shiga muhawarar ba. Na nuna mata sukurun da robar a jikinsa ina ta mita, sai ta ce ai in haƙori ya fara girgiɗi ba haƙorin ake tuhuma ba, dasashi ake dubawa. Na ce Yaya, sake faɗa.

Dasashin sukuru.

Ku auna shi da abin da muka daidaita a kai tun farko. Abu mai taushi, yana zagaye da abu mai tauri, yana riƙe da shi a cikin wani abu mai tauri. In ya yi lafiya ba ka ma san yana nan ba, in ya saki komai ya zube ko da haƙorin ƙalau yake. Kuma ba baƙon salo ba ne a wurinmu mu ari sunan gaɓar jiki mu ba kayan aiki. Muna cewa haƙoran zarto, bakin wuƙa, kan ƙusa, hancin allura, ƙafar kujera, wuyan riga. Tunda mun yarda sukuru yana da kai yana da haƙora, ba wani tsalle ba ne a ba shi dasashi. Faransawa ma kalma ɗaya suke amfani da ita ga wannan robar da kuma idon sawu.

Likita, na ga gyaranka, cewa saiwar haƙori a cikin ƙashin muƙamuƙi take, dasashi lulluɓe ta kawai ya yi. Na karɓa da godiya. Amma ƙafar kujera ma ba ta tafiya, hancin allura ba ya shaƙar komai. Abin da mai magana yake gani a madubi shi ne nama mai taushi da ya kama gindin haƙori, kuma wannan hoton ya ishe mu. In ka matsa, sai in ce bangon shi ne ƙashin.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda yake zama a cikin magana ba tare da an tura shi ba. Dasashin ya saki. Ramin ya fi ƙarfin dasashin. Kada ka ɗaura sukuru a bulo babu dasashi. Miƙo mini dasashi mai lamba 8 guda huɗu. Babu ɗaya da ta yi mini nauyi a harshe, kuma wanda bai taɓa riƙe injin huda ba zai fahimci abin da ya faru da kantata daga jimlar farko. Yana kuma karɓar 'ya'ya. Akwai wanda ake sa wa bango mai rami a ciki, irin allon silin ko bulo mai kogo, inda na yau da kullum ba ya samun abin dannewa, sai a yi amfani da mai buɗe fukafukai ta baya. Wannan dasashi mai fiffike ke nan. Na kaya masu nauyi a kankare, wanda hannun ƙarfe ne yake buɗewa in an ɗaure noti, dasashin ƙarfe. Gwada yin haka da kube ka ji.

Rauninsa ɗaya ne, kuma babba ne: in ka je sayen kaya ka ce a ba ka dasashi, kallonka za a yi. Fisha ta riga ta zauna a bakin masu aikin, gajeriya ce, ta bi tsarin furucinmu, ba ta rikicewa da komai. Ni ba na cikin masu ganin duk kalmar aro ƙazanta ce. Akwatin kayan aikina cike yake da su, ga sifana, ga filaya, ga sukudireba, suna zaune lafiya da guduma da zarto da magagari. Sunan kamfani ko na mutum ya zama sunan abu ma ba sabo ba ne, omo da makilin da biro duk haka suka shigo, na ƙarshen daga László Bíró ɗan ƙasar Hungari. Babu wanda zai kore su yanzu, kuma babu dalilin korar fisha.

Saboda haka ga inda na tsaya. Wajen saye da wajen aiki, fisha. Wajen rubutu da koyarwa, ko bayani ga wanda bai san ta ba, in rubuta fisha, wato dasashin sukuru, sau ɗaya a farko, daga nan in ci gaba da wanda ya fi dacewa da jimlar. Masu gidan sukuru, na san kun fi yawa, ku yi haƙuri, ku fara warware mini maganar noti tukuna.

Ga masu tambayar abin da ya kayar da kantar, laifina ne. Lambar da ke jikin fisha faɗinta ne a milimita, kuma bakin da za a huda ramin da shi dole ya zama lamba ɗaya da ita, 6 da 6, 8 da 8. Ni da 6 na huda, amma hannuna ya yi ta rawa har ramin ya buɗe, ban kuma hure ƙurar ciki ba, na cusa robar ta shige salin-alin ba tare da ko ɗan bugu ba. Wannan kaɗai ya isa ya gargaɗe ni, domin wadda ta yi daidai sai an ɗan taɓa ta da guduma. Sukurun kuma gajere ne, bai kai ƙarshenta ba balle ya buɗa ta sosai. Ya kamata tsawonsa ya cinye kaurin abin da ake kafawa da tsawon robar duka, har ya ɗan leƙa.

Yau na sake huda ramukan da bakin 8, bayan na tabbata ba a saitin soket ko makunnin wuta nake ba, tunda ta nan wayoyi suka saba bi a cikin bango. Na hure ƙurar, na buga dasashi mai lamba 8, na ɗaura dogon sukuru. Na rataya a jikin kantar da hannu biyu, ko motsi ba ta yi ba.