Musayar Waƙa: Yawon Kamfen 2023, Daga Jos Zuwa Ƙofar Mata

Mai Lasifika:
Salamu alaikum 'yan zaure. Yau gangamin ɗan takarar shugaban ƙasa za mu taɓa, mu ɗauki na 2023. Ƙwar biyu, wato baiti mai layi biyu, amsa-amo "wa". Wanda ya karya ya biya goro.

Da sunan Rabbu na ɗau alƙalami,
Batun gangami nake son warwarewa.

Kwana 150 dokar 2022 ta yanke,
Kafin zaɓe ake fara zagayawa.

Ran 28 ga Satumban 2022 aka buga ganga,
Saura awa 24 ake rufewa.

Atiku Uyo ya je ya ɗaga tuta,
10 ga Oktoba ya yi ƙaddamarwa.

Obi a Lafiya, Tinubu Jos ya zaɓa,
15 ga Nuwamba ya yo fitowa.

Amma kafin ɗan takara ya sauka,
'Yan share fage ne ke fara isowa.

Su kama fili, su sanar da 'yan sanda,
Su auna dandamali da wurin tsayawa.

Janareta biyu, ɗaya yana aiki,
Ɗaya na jiran na farko ya yi mutuwa.

Lasifika in ka jere ta gaba kaɗai,
Na baya sai kuwwa suke jiyowa.

Jar Hula:
Yaya Mai Lasifika, wayarka ta tsinke,
Uku ka kira, Kwankwaso ka ƙi kirawa.

Akwai taron da sai an yi hayar mota,
Akwai na ƙafa, da jar hula ake zuwa.

Filin Sani Abacha ya ga tsintsiya,
Ya ga lema, an sha kiɗa da juyawa.

Da aka zo ƙirga, Madugu 997,279,
Tsintsiya 517,341, lema na baya da rarrafawa.

Malam Aruli:
Ɗana Jar Hula, dakata. Karanta lambar nan da baki: dubu ɗari tara da casa'in da bakwai da ɗari biyu da saba'in da tara. Gaɓa 25 ke nan, ita kaɗai. Ɗangon, wato layin waƙa, da aka buɗe zauren nan da shi gaɓa 11 ne cif.

Ɗango ma'auni gare shi kamar tiya,
In ka wuce baki, hatsi sai zubewa.

Ka loda lamba kamar a-kori-kura,
Tayar baiti ta fashe, ba matsawa.

Jar Hula:
Baba Aruli, ƙuri'ar ce ta yi yawa,
Ɗango ya gaza, ina laifin mai rerawa?

Kawo adadin da naku ya samu a Kano,
Ko ɗan guntun ɗango zai iya ɗaukewa.

Malam Aruli:
Ni ba ni da "namu". Jam'iyyata ma'auni.

'Yar Tsintsiya:
Ƙanena, zakaran da ke gida ɗaya,
Gari ba ya tashi don jin carawa.

Tsarin mulki ya ce rinjaye bai isa ba,
Sai kashi 25 a jiha 24 ake hayewa.

Shi ya sa ɗan takara ke bin jihohi,
Har inda ya san ba shi da ranar cinyewa.

Rubu'in nan yake nema ya tsinta,
Ba son rana da ƙura ne ke sa shi zuwa.

Naku jiha ɗaya tak, namu 12,
Jar hula a Kwanar Dangora take tsayawa.

Direban Ayari:
Ku bar faɗan ƙirga, ku ji yadda yinin ke tafiya, don kusan iri ɗaya ne a kowace jam'iyya.

Sanarwa ta ce ƙarfe 10 na safe,
Tun hantsi mata da samari ke cikawa.

Jirgi ba ya sauka sai an yi azahar,
Daga filin jirgi fada za a kai gaisuwa.

Sarki uban kowa ne, addu'a zai yi,
Duk wanda ya zo irinta yake samowa.

Babur a gaba, sai motar jiniya,
Ta ɗan takara tsakiya, ta asibiti na biyowa.

Kuskuren da ake maimaitawa a ƙofa,
A haɗe hanyar manya da ta jama'a wurin shigowa.

Sai mota ta kafe cikin mutane,
Tafiyar minti 10 ta koma awa.

Kafin ya hau dandamali la'asar ta yi,
Gwamna da ciyaman kowa na son furtawa.

Shi kuwa ɗan jawabi, ya miƙa tuta
Ga ɗan takarar gwamna, sai watsewa.

Ga lissafin mota ga mai so. Bas mai kujera 18, in mutum 10,000 kake son kawowa, bas 556 kake nema. Kano ƙananan hukumomi 44 ne, mazaɓu 484. Kowace mazaɓa ta turo bas 2, an sami bas 968, mutum 17,424. To sai ka nemo inda za su yi fakin da man da za su sha, a lokacin da layin gidan mai ke kwana.

Ɗan Canji:
Direba ka manta babban ciwon,
Ba mai kaɗai ba ne ya hana motsawa.

26 ga Oktoba Babban Banki ya ce
200 da 500 da 1,000 za a yi sauyawa.

Wa'adi ƙarshen Janairu, aka ƙara kwana 10,
Tsohon kuɗi ya shige, sabo ya ƙi fitowa.

Mai ruwan leda ba ya jiran alat,
Kuɗin mota a hannu ake rabawa.

Mai gangami da biliyan a asusu,
Ɗari biyar ta hannu ta fi ƙarfin samuwa.

Mai Lema:
Hajiya 'Yar Tsintsiya, sannu da ƙirga,
Mu ma 12 ne, a rage ɗagawa.

Jos kuka buɗe, Lalong ke jan ragama,
Filato ta bi Obi, ina amfanin cikawa?

Legas ɗin ma, gidan mai gidan ne,
Nan ma Obi ya zo ya yi ɗaukewa.

A Chatham House an yi tambaya a Landan,
Tinubu ya miƙa wa su El-Rufa'i amsawa.

Wazirin Adamawa Uyo ya buɗe,
Akwa Ibom ta ba shi, ba ta yi juyawa.

'Yar Tsintsiya:
Alhaji Mai Lema, lemarka ta yage,
Gwamna 5 sun janye hannu ana tsaka da ruwa.

Wike na Ribas yana muku dariya,
Gangamin can sai da kuka yi sokewa.

Mai raba tambaya ya san yana da mutane,
Jagaba ke nan, gwanin haɗa kai da rabawa.

Allah ya ja da ran Jagaba, ni dai na faɗa.

Jar Hula:
Hajiya wannan ba waƙa ba ce, roƙo ne. Saura ki miƙa hula a zuba.

Mai Lema:
Raha gefe guda, akwai abin da ba na dariya ba.

A Ranchers Bees, Kaduna, cikin Oktoba,
'Yan daba suka kutsa taron Atiku da tarwatsawa.

A Maiduguri kuma, watan Nuwamba,
Ayarinsa ya sha jifa, gilasai na fashewa.

Sashe na 92 na dokar zaɓen 2022 ya hana
Zagi da riƙon 'yan daba masu tsoratarwa.

Masallaci da coci da ofishin gwamnati,
Ba wurin kamfen ba ne, doka ta yi hanawa.

Maganinsa a ƙofa ne, a caje kowa,
Gora da sanda a waje ake ajiyewa.

Ƙofar fita ta fi ta shiga yawa,
In an firgita, a nan ake tattakewa.

Malam Aruli:
Mai Lema ya yi magana, sai dai ɗangonsa na ɗingishi. Ke kuma Hajiya, "carawa" daga ina? Zakara cara yake yi. Kin liƙa wa kalma jela don ta shiga layi. Kuma ku duka "wa" ɗinku ta arha ce: sauyawa, hanawa, sokewa, duk aikatau ka ɗauka ka manna masa. Direba kaɗai ya burge ni da "awa", sai Hajiya da "ruwa".

Mai Lasifika:
Baba, da girmanka, aruli, awon waƙa, baƙo ne,
Kafin ya zo Bahaushe na rerawa.

Makaɗin fada bai san karin Mutadarak ba,
Kalangu ke gaya masa wurin tsayawa.

Malam Aruli:
To kalangun ma ai awo yake yi. Gaɓa iri biyu ce a Hausa: marar nauyi kamar "da", mai nauyi kamar "dan" ko "dai" ko mai dogon wasali. Makaɗi na jin su a kunne, mu muna ƙirga su a takarda, abu ɗaya ne. Kai da kake ja wa lasifikar tsakiyar fili jinkiri don sautinta ya haɗu da na dandamali, don ka san sauti na cin kusan mita 340 a daƙiƙa, kai ne za ka ce awo baƙo ne?

Mai Lasifika:
Wannan gaskiya ne. In lasifika na mita 100 daga dandamali, kusan kashi uku cikin goma na daƙiƙa za ka ja mata, in ba haka ba na tsakiya su ji "Najeriya" sau biyu. Amma ban janye baitina ba.

Ɗan Canji:
Ni dai a gaya min Mutadarak ɗin nan nawa ne canjinsa.

Jar Hula:
Baba na goyon Hajiya a ɓoye. "Ruwa" har ta zama gwaninta?

Malam Aruli:
Ta fi lambarka mai gaɓa 25.

Gwaggo Mai Lissafi:
Kun cika zaure da aruli kun bar gangami a rana. Ni ƙwar huɗu zan yi, kuma na karya "wa" da gangan, ga goronku.

Mai shela ya ce miliyan ta taru a fili,
To kawo tef mu auna, a bar dogon jawabi,
Tsawo 105, faɗi 68 ne filin ƙwallo na asali,
Murabba'in mita 7,140, ga shi a lissafi.

Mutum 4 a kowace mita, an matsu ba sarari,
28,560 ke nan, ko da an cika shi tam da gari,
Ƙara na kan kujeru, ƙara na bisa katanga da gini,
Miliyan na nesa, sai dai a bakin maroƙi.

Miliyan 93 suka yi rajista a ƙasa,
Miliyan 87 suka karɓi kati a hannu,
Ran 25 ga Fabrairu da aka buɗe rumfa,
Kusan kashi 27 cikin 100 na masu rajista suka fito layi.

A 2023 rumfunan zaɓe 176,846 ne. Dokar zaɓe ta 2022 ta ƙayyade wa ɗan takarar shugaban ƙasa kashe naira biliyan 5. Raba ta a kan rumfunan, kowace ta tashi da kusan naira 28,000, kafin a sayi hula ɗaya ko a tayar da jirgi. Ga wakili kuma ana so a kowace rumfa, mai tsayawa har a ƙirga, ya sa hannu, ya karɓi kwafin sakamako.

Malam Aruli:
Gwaggo, baitinki na uku ba shi da amsa-amo ko na ciki: ƙasa, hannu, rumfa, layi. Goro biyu.

Gwaggo Mai Lissafi:
Malam, ka zo ka karɓa da tiransifa.

Direban Ayari:
Afuwan, sai yanzu na ga an wuce ni. Saura baitin komawa gida, wanda ba mai ɗaukarsa a hoto.

Jirgi ya tashi tun kafin magariba,
Na ƙauye na bakin fili suna dubawa.

In ka biya direba duka tun da safe,
Ya sauke ya tafi lodi, ba dawowa.

In ka hana shi duka, ya ƙi tayarwa,
Rabi da safe, rabi in an kai kowa.

A rubuta lambar bas da sunan mazaɓa,
Mai rajistar safe shi ke kiran suna wurin hawa.

Malam Aruli:
"Wurin hawa" ta shiga. Amma ɗangon ya kai gaɓa 16, Direba, ka ɗauki fasinja fiye da kujera.