Ƙurar siminti ce ke cin gonakinmu ko taki ne bai isa ba?

Manomin Tudu:
Assalamu alaikum. A gonakin da ke kusa da kamfanin siminti, masara tana fitowa da farin zane a sabon ganye, gyaɗa kuma tana yin rawaya alhali an zuba NPK. Mene ne dalili, kuma me za a yi?

Malamin Gona:
Wa'alaikumus salam. Takin yana nan cikin ƙasa, shukar ce ta kasa ɗauka. Ƙurar siminti cike take da sinadarin kalsiyam, shi kuwa yana kashe tsamin ƙasa. Masara tana son pH, wato ma'aunin tsamin ƙasa da ke hawa yayin da tsamin ke raguwa, tsakanin 5.5 da 7. Da ya haura 7.5, kalsiyam sai ya ɗaure fosforas, zink da sinadarin ƙarfe su daina narkewa. Farin zanen masara alamar rashin zink ce. Rawayar gyaɗa, in jijiyoyin ganyen kore ne, rashin ƙarfe ne.

Kafin ka kashe kuɗi, ɗebi ƙasa daga sama zuwa zurfin santimita 20 a wurare goma, ka cuɗa, ka kai gwaji cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, ko wata tsangayar aikin gona. Gwajin gida ma akwai: ɗiga ruwan khal kan busasshiyar ƙasa. In ta yi kumfa, kalsiyam ya yi yawa.

Baba Mai Lambu:
Malam ya faɗi na ƙasa, saura na ganye. Ƙura in ta haɗu da raɓa takan daskare ta toshe ƙofofin numfashin ganye, ta tare hasken rana. 'Yan rani sun fi shan wahala, don babu ruwan sama da zai wanke, ga hunturu yana kaɗo ta daga arewa maso gabas. A wanke tumatir da latas da ruwa zalla da sassafe. A jera darbejiya layi biyu ta ɓangaren iska.

Malamin Gona:
Haka ne, Baba. Batun magani kuma: kada a ƙara toka a irin wannan gona. Kada a watsa yuriya a sarari, don a ƙasa marar tsami takan tashi ta bi iska. A binne ta zurfin santimita 5, ko a koma takin amoniyam salfet. A yawaita ruɓaɓɓen takin gida. Masara kuma a fesa mata zink salfet, giram 75 cikin famfon goyo na lita 15, da yamma, a maimaita bayan kwana goma. In ƙurar ba ta daina sauka ba, ku haɗu ku kai kuka hukumar NESREA, mai tabbatar da bin dokokin muhalli a Najeriya, da takardar gwajin a hannu.